Yadda ake zama da na'urar da aka ƙera da aibu

Kowane ɗan kasuwa ya san tiyar da ta lotsa. In babu sabuwa, sai a san yadda za a yi awo da ita ba tare da an cuci mai saye ba. Irin wannan dabara ce masana suke yi da furosesa, wato ɗan ƙaramin abin nan da ke yin lissafi cikin kwamfuta da wayar salula. In an yi kuskure wajen ƙera shi, babu makanikin da zai buɗe shi ya gyara.

A shekarar 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa furosesar Pentium ta kamfanin Intel tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Kamfanin ya yarda ya musanya wa masu saye, abin da ya ci masa dala miliyan 475. To amma ba kullum musanya take yiwuwa ba, domin na'urorin sun riga sun bazu cikin duniya.

Nan ne aikin yake faɗawa kan masu rubuta cibiyar babbar manhaja, wadda take kamar sarkin kasuwa: ita ke ba kowace manhaja rumfarta, ta hana ta leƙa ta maƙwabciya. A 1997 an gano wani gajeren umurni da ke sandarar da Pentium ɗungurungum. Masu kula da cibiyar Linux suka ɗana tarkon da ke tare matsalar kafin na'ura ta sandare.

A Janairun 2018 kuma aka bayyana aibu biyu, Meltdown da Spectre, masu ba manhajar ɓarawo damar leƙa asirin da ke cikin na'ura, har da lambobin sirri. Maganin Meltdown shi ne raba ma'ajiyar cibiya da ta sauran manhajoji, ko da yake hakan ya rage wa wasu na'urori sauri. Spectre kuwa ya shafi har wasu wayoyi, kuma Android a kan cibiyar Linux aka gina ta.

Mu da muke aika kuɗin kaya ta salula, abin ya shafe mu. Irin waɗannan gyare-gyare suna iso mana ne ta saƙon sabunta manhaja. In ya zo, kada tsadar intanet ta sa mu yi ta ɗage shi.