Ƙaramar Kwamfuta da Lasifika: Ta Ina Sauti Ke Fita?

A shagunan buga takardu da ofisoshi da makarantu, wata 'yar ƙaramar kwamfuta tana maye gurbin manyan akwatunan da aka saba gani ƙarƙashin tebur. Akwai Dell OptiPlex Micro, da HP EliteDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny, da yawa daga cikinsu kayan Beljiyam. Ba ta fi littafi mai kauri girma ba, ba ta shan wuta sosai, har ana iya ɗaure ta a bayan monita. Ƙirar ba sabuwa ba ce, domin Apple ya fitar da Mac mini tun 2005.

Rigima kan taso ne ranar da malami ya so nuna wa ɗalibai bidiyo, ko mai shago ya so sauraron karatu. A jona lasifika, a ji shiru, sai a fara zargin kwamfutar. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau.

Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne wace irin lasifika ce a hannunsa. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake ba ta wutarta daban. Akwai kuma wadda babu komai a cikinta sai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, irin manyan da ake haɗawa da rediyon ɗaki. Ɗan ramin nan mai faɗin milimita 3.5 da ke jikin kwamfuta sauti mai rauni yake fitarwa, wanda ya isa iyafis kawai. Ba shi da ƙarfin motsa babbar lasifika, don haka dole amfilifaya ta shiga tsakani. Wanda ya yanke waya ya haɗa kai tsaye, ɗan raɗa-raɗa kawai zai ji, in ma ya ji.

Shi kansa ramin ya canja. Manyan kwamfutoci na da uku a baya: kore na lasifika, mai ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigar da sauti. Ƙananan kuwa, saboda ƙarancin wuri, sukan haɗe lasifika da makirufo a rami guda, irin na wayar hannu. Wasu ma sun yar da shi gaba ɗaya, kamar Raspberry Pi 5 da ya fito a 2023.

Sai batun monita, wanda ya fi rikita jama'a. Wayar HDMI da ta DisplayPort suna ɗaukar hoto da sauti tare, amma tsohuwar VGA hoto kaɗai take kaiwa. Da zarar an haɗa HDMI, Windows kan karkatar da sauti zuwa monita, ko da monitar ba ta da lasifika. Maganin bai fi danna alamar sauti da ke ƙasan allo a zaɓi inda ake so ya fita ba. Abin takaici ne a ɗauki na'ura zuwa wurin mai gyara a kan wannan.

Idan ramin ya lalace, akwai ɗan katin sauti da ake sokawa a USB, mai araha kuma ba ya buƙatar buɗe kwamfuta. Lasifikokin da ke shan wuta daga USB ma suna aiki, sai dai ramin USB 2.0 bai wuce wat 2.5 yake bayarwa ba. Sun ishi tebur, ba su ishi aji ba. Bluetooth na raba mutum da wayoyi, amma yakan jinkirta sauti kaɗan, har a ga baki ya riga murya a bidiyo, kuma wasu kayan Beljiyam kan zo babu katinsa a ciki.

Akwai kuma ƙugin nan da ba ya yankewa ko an rage murya. Yawanci yana faruwa ne idan kwamfuta da amfilifaya suna kan soket daban-daban, sai wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ta sami hanyar kutsawa cikin wayar sauti. A mayar da su soket ɗaya, a nisanta wayar sauti da ta wuta. Idan ƙugin ya ƙi tafiya, ana sayar da wata 'yar na'ura mai ƙaramar taransifoma a ciki, wadda ake sakawa tsakanin kwamfuta da amfilifaya don ta datse shi.