Ɗan Kasuwa Da Kiwon Kare: Wa Zai Kula Da Mai Gadin?

Daga wakilinmu a Garwa

Duk lokacin da aka fasa gida a wata unguwa a nan Garwa, ko Yalwa ce ko Lopere ko Rumde Ajiya, kafin mako ya zagayo za ka ji ana cigiyar kwikwiyo a majalisun 'yan kasuwa. Wannan ya ce a duba masa a Pitowa ranar Lahadi, wancan ya ce akwai abokin cinikinsa a Mubi da karyarsa ta haihu. Dalilin a fili yake. Mutumin da ke fita da asuba ba ya dawowa sai bayan isha'i, ko wanda ke ɗaukar hanyar Gashiga zuwa Yola ya yi kwana uku ko huɗu bai taka gidansa ba, dole hankalinsa ya riƙa komawa kan iyali da kayan da ya bari a ɗakin ajiya. Shi kuwa kare ba ya karɓar albashi, ba ya neman hutun sallah, kuma ba a haɗa baki da shi.

To amma akwai tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin ya ɗauko kwikwiyon nan: idan na fita kasuwa, a hannun wa zan bar shi? Wanda ba shi da amsa da sunan mutum takamaimai, shawarata gare shi ita ce ya dakata. Ga dalilaina.

Aikin kare a gida dai haushi ne. Yana jin motsin da ɗan Adam ba ya ji, yana shinshino baƙo tun yana bayan katanga, sai ya tayar da mutanen gida. Daga nan nasa ya ƙare, saura na mutane. Idan babu wanda zai farka ya fito da fitila, ko ya buga wa maƙwabta waya, haushin bai wuce ya nuna wa ɓarawo inda karen yake ba. Ɓarayin da suka san sana'arsu kuwa sun daɗe da sanin maganinsa, wato tsokar nama da guba a ciki, a jefo ta katanga kafin ranar da za a zo. Karen da ya kwana da yunwa ko shinshinawa ba zai tsaya yi ba. Batun 'yan fashi da masu satar mutane irin waɗanda suka addabi yankin Tuboro da sauran ƙasar Mayo Rai kuwa, kada ma mutum ya yaudari kansa, kare ba ya tare bindiga.

Ko sarƙa ko titi

Karen mutumin da ba ya wuni a gida, ɗayan biyu ne makomarsa: ko a ɗaure shi, ko a sake shi.

Mu fara da ɗaurewa. Kowa ya san zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kake ganin harshensa a waje. Maigida ya ɗaure shi a gindin darbejiya da asuba, ya ajiye masa ruwa a kwano, ya hau babur ya tafi. Kafin azahar inuwa ta juya, sarƙa ta ture kwanon, karen yana tsaye a kan ƙasa mai ƙuna har la'asar. Wasu a haka suke mutuwa. Wanda ya rayu kuma yakan zama mugu, domin dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu, yara na jifarta, ita kuwa tana tara haushi. Ranar da sarƙar ta tsinke, ba ɓarawo zai samu a gabansa ba. Ƙaramin yaron gida zai samu, ko almajirin da ya shigo karɓar abinci, ko ɗan garuwa da ya kawo ruwa.

Shi kwikwiyo ma ya fi wuya. Yana buƙatar abinci sau uku ko huɗu a wuni, kuma a watanni ukun farko na rayuwarsa ne yake koyon wane ne ɗan gida, wane ne baƙo, me aka yarda ya yi, me aka hana. Wanda ya zauna da shi a wannan lokaci shi ne ubangidansa na gaskiya, ko da wani ne ya biya kuɗin. Akan ga alhajin da ya dawo daga tafiya karensa ya hana shi shiga gidansa sai an kira yaro, jama'a na dariya, alhali ba laifin karen ba ne.

Idan kuma aka sake shi, to ya zama karen gari mai kwana a gidanka. Zai wuni a juji da bayan mahauta, ya yi faɗa da karnukan da ba a san daga inda suka fito ba, ya dawo da kaska da raunin cizo. In karya ce, kusan sau biyu a shekara za ta tara maka karnukan unguwa a ƙofar gida, bayan wata biyu kuma ka tarar da kwikwiyo biyar ko shida a ƙarƙashin amalanke. Tsugunne ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Ciwon haukan kare

Nan ne maganar ta wuce ta asarar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ke wasa da kare, shi ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen, tana shiga ta wurin cizo ko yakushi, ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, an manta, uban yana can Mbaibum yana ciniki, sai a bugo masa waya yaro yana firgita, yana tsoron ruwa. Da zarar alamun nan sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi.

Abin takaici shi ne cutar tana da rigakafi tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira. Mu nan ma ba mu rasa wuraren zuwa ba. Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da reshe a Garwa, ga kuma LANAVET a Bokle, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa da aka kafa a 1983, ga ofisoshin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, a garuruwa. Allurar kare ana fara ta yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kamar yadda likitan dabbobi ya rubuta a kati. Sai dai wani ne zai kama karen, ya kai shi, ya jira, ya adana katin, ya tuna ranar komawa. Ɗan kasuwar da bai iya barin rumfarsa awa biyu ba, yaushe zai yi wannan?

Akwai darasi daga maƙwabta da ya shafe mu kai tsaye. A 2012 da 2013 an yi gagarumin rigakafin karnuka a Injamena, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, wanda shi ne adadin da masana suka ce yana karya yaɗuwar cutar. Ta kuwa karye, aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare ba. Daga baya ta dawo, kuma binciken da aka yi ya nuna daga wajen birnin aka sake shigo da ita. Kare da ƙafarsa ba ya nisa sosai, mutane ne ke ɗauke shi a mota. Saboda haka kwikwiyon da aka ba ka kyauta a Lere ko Mubi, ka sa shi a kwali tsakanin buhuna ka wuce duwan da shi, yana iya zuwa da cutar a jikinsa alhali yana wasa lafiya lau.

Masu zirga-zirga ta bakin kogin Logon kuma su ƙara da wannan: kurkunu, wanda aka ba Kamaru shaidar rabuwa da shi a 2007, ya ɓullo a jikin karnuka a Cadi, ya kuma tsallako yankin Gere a Arewa Mai Nisa, inda aka ƙirga karnuka fiye da 200 masu ɗauke da shi a 2023. Ana zargin ɗanyen hanjin kifi da ake zubar musu. Mai sayar da kifi da ke lissafin zai ciyar da karensa da tarkacen kasuwa kyauta, to ya dafa tukuna.

Abin da malamai suka ce

Ba za a yi zancen kare a tsakaninmu a tsallake addini ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san an taƙaita ajiye kare ga gadin gona, da rakiyar dabbobi, da farautar neman abinci, kuma hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada a kullum ga wanda ya ajiye shi ba tare da irin wannan buƙata ba. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona idan akwai tsoro na gaske. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Hukuncin halin da mutum ke ciki sai ya tambayi malaminsa, ba aikin ɗan jarida ba ne.

Amma akwai ɓangaren da masu neman fatawa ba su cika tambaya ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Buhari da Muslim, haka ma na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya samu izinin ajiyewa ya ɗauki nauyin ciyarwa da shayarwa da inuwa tare da shi. A mafi yawan gidajenmu kuwa, idan maigida ya fita, nauyin yana faɗawa kan uwargida, wadda ba a shawarce ta ba, kuma wataƙila tana ƙyamar karen ya kusanci kwanukanta da wurin sallarta. Ita ma tana da ta cewa kafin a kawo shi.

Ta fuskar hukuma ma ba a kuɓuta ba. Sashe na 1385 na dokar hulɗar jama'a da ake aiki da ita a wannan ɓangare na Kamaru ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Cewa ina Yola lokacin da abin ya faru ba ta fitar da kai a gaban jandarma. Kuɗin allurar ɗan maƙwabci, da zumuncin da zai lalace, duk a wuyanka.

To wa ya dace ya ajiye? Mai babban gida da katanga mai kyau, wanda ke da ƙane ko yaron gida baligi da ke wuni a gida, ya yarda da aikin, ba ya ƙyamar dabbar. Irin wannan gida kare yana da amfani ƙwarai, musamman a sababbin unguwannin bayan gari inda gidaje ke nesa da juna, ko ga mai garken awaki da shanu. A gina masa ɗan ɗaki mai inuwa, a kafa masa ruwan da ba ya kifewa, a sake shi cikin gida da dare, a nemo shi daga gidan da aka san uwarsa tana da kati. Ɗan ƙasa ya fi jure zafi da kaska a kan karnukan Turai masu gashi da wasu ke saye don a gani.

Wanda kuwa daga shi sai amarya da yara ƙanana, ko gwauron da ke kulle ɗaki ya tafi kasuwannin mako, kuɗin da zai kashe kan abincin kare ya fi amfani a wani wuri. Ƙofar ƙarfe, fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida, mai gadi guda da gidaje biyar ko shida za su haɗa kuɗi su ɗauka, da daina kwana da cinikin mako a ƙarƙashin katifa tunda ga Orange Money da MTN da Express Union. Ɓarawo ya fi bin labarin kuɗi fiye da bin gida.

Ko kana da kare ko ba ka da shi, ka bar wa mutanen gidanka wannan umurni kafin ka yi tafiya. In kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a duba agogo, domin wankin yana rage ƙwayar cutar sosai. Kada a sa barkono ko toka ko ƙonannen gashin karen. A nufi asibiti a ranar, ba sai an jira maigida ya dawo ba, kuma a sani allurar ba ɗaya ba ce, ana komawa sau uku ko huɗu, dole a cika ta ko da raunin ya warke. Karen kuma kada a yi gaggawar kashe shi a binne. A tsare shi a sanar da likitan dabbobi, wanda zai sa masa ido na kwana 10 zuwa 15, idan ya mutu a kai kansa ɗakin bincike. Masu karnukan da ba a taɓa yi wa allura ba kuma su riƙa sauraren sanarwa a rediyo gab da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya da ake yi tun 2007, domin a lokacin ne ma'aikatar kiwo ta fi fitowa rigakafi.