Wace Bindiga ce ta Soja?

A watan Maris na 2021, Garba Shehu, mai magana da yawun Shugaban Ƙasa a lokacin, ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci jami'an tsaro su harbe duk wanda suka gani riƙe da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Ba a yi wata shida ba, a watan Agusta, Gwamna Aminu Bello Masari ya je Jibiya ta'aziyya, ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu. Shugaban da Gwamnan duka 'yan jihar nan ta Katsina ne, ɗaya daga Daura, ɗaya daga Ƙafur. A nan Mai'adua an kwana biyu ana tafka muhawara a majalisu da rumfunan masu shayi, wasu na bayan Shugaba, wasu na bayan Gwamna. Abin da ya dame ni tun a lokacin shi ne babu wanda ya tsaya ya tambaya: makamin da ake cewa a nema, wane iri ne? Kuma a ina aka ja layi tsakanin bindigar da talaka zai iya jinginawa a ƙuryar ɗaki da wadda ba ta dace da hannun kowa ba sai soja?

Kafin mu yi gardama, bari mu fara sanin kayan.

Bindigar da muka tashi muka gani ita ce ta toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Ita ce a hannun maharba, ita ce 'yan bindigar Sarki ke ɗirkawa a hawan Sallah a Daura har hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna da tsinke, a sa ƙarfunan da za su fita, a sake dannawa. Harbi ɗaya ta gama aikinta, sai an sake ɗuri. Kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne, kuma na sha ganin yana ɗura tasa a tsakar gida da natsuwa. Wanda ke riƙe da irin wannan bindiga dole ya yi tunani kafin ya taɓa kunama, domin idan ya kuskure, shi da mai sanda ɗaya suke. Sama da ita akwai mai baki biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi biyu. Ita ma da ta yi tari sau biyu sai ta yi shiru.

AK-47 wata halitta ce daban. Mikhail Kalashnikov ne ya ƙera ta, rundunar Tarayyar Sobiyet ta karɓe ta a 1949. Sirrinta shi ne tana ɗura kanta. Idan harsashi ya tashi, wani ɓangare na iskar da ta tura shi yakan bi ta wani bututu ya koma baya, ya ture ƙarfen cikinta, ya tofar da kwanson da aka harba, ya ɗauko sabon harsashi daga gidansa ya zaunar. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, kuma ana ɓalle shi a maƙala wani cikin daƙiƙu kaɗan. A gefen damanta akwai wani marfi mai matakai uku. Na sama kulle ne. Na tsakiya shi ne ɓarin wuta: muddin yatsa na kan kunama, ba za ta tsaya ba sai harsashi ya ƙare. Na ƙasa kuwa ɗai-ɗai ne: kowane ja harsashi ɗaya, amma ba sai ka sake ɗuri ba, ja kawai za ka yi ta yi.

A kan wannan mataki na tsakiya duk rigimar take. Idan aka ƙera bindiga iri ɗaya sak, harsashi ɗaya, gidan harsashi ɗaya, amma aka cire mata ɓarin wuta aka bar mata ɗai-ɗai, ta tashi daga makamin yaƙi ta koma ta farar hula?

Amurkawa sun shekara fiye da talatin suna wannan musu. Tasu bindigar ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Kamfanin Colt ya sayi zanen a 1959, sojan Amurka suka ɗauke ta da sunan M16, sannan daga 1964 Colt ya fara sayar wa jama'a samfurin da ba ya ɓarin wuta. Masu kare ta na cewa babu rundunar da ke raba wa dakarunta wannan samfuri, miliyoyin masu ita ba su taɓa harbin kowa ba, kuma yawancin kisan da ake yi da bindiga a ƙasar da ƙaramar bindiga ake yinsa. Maganarsu ta ƙarshe gaskiya ce, ba na musunta ta. A 1994 majalisarsu ta haramta sayar da wasu irinta, amma dokar ta fi mayar da hankali kan siffa, irin su mariƙi da wurin maƙala wuƙa, sai masana'antu suka cire waɗannan suka ci gaba da ciniki. A 2004 wa'adin dokar ya ƙare, ba a sabunta ta ba.

Ni dai hujjar cewa ɗai-ɗai ba na soja ba ne ba ta gamsar da ni ba, kuma tarihin sojan kansa ne ya rushe ta. Bindigar da dakarun Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, M1 Garand, ɗai-ɗai kaɗai take yi. Wadda sojan Birtaniya suka riƙe daga shekarun 1950 har bayan yaƙin Fokland na 1982, wato L1A1, ita ma haka. A shekarun 1980 Amurka ta cire ɓarin wuta daga sabon samfurin M16 ta mayar da shi uku-uku, saboda an lura asarar harsashi ce kawai. Lissafin a fili yake. AK-47 na fitar da kusan harsashi 600 a minti idan tana ɓari, ke nan gida mai 30 zai ƙare cikin daƙiƙa uku, bakin bindigar na ɗagawa sama, yawancinsu su tafi a iska. Ƙwararren soja ya fi amfani da ɗai-ɗai, domin shi ne ke samun abin da aka auna. To, idan aka cire matakin da soja bai cika taɓawa ba, aka bar wanda ya fi kisa da shi, me aka rage? Kamar a cire wa maciji fasa kai ne a bar masa dafi.

Wanda ke shakka ya tuna Juma'ar 15 ga Maris 2019 a birnin Kiraischoc na Niyu Zilan. Mutum ɗaya ya shiga masallatai biyu, ya kashe masallata 51. Bindigogin da ya fi ɓarna da su na ɗai-ɗai ne, da lasisi ya saye su, ya ƙara musu manyan gidajen harsashi. Har yau idan na tsaya a sahu ranar Juma'a, kafaɗa da kafaɗa, ƙofa a bayanmu, wannan labari na faɗo mini a rai. Gwamnatin Jacinda Ardern ba ta cika wata guda ba ta haramta irin waɗannan bindigogi, kuma ɗan majalisa ɗaya tak ne ya ƙi amincewa. Ostareliya ta yi makamancin haka a 1996, bayan an kashe mutum 35 a Fot Ata, ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

Mu fa, me dokarmu ta ce? Dokar Bindigogi ta 1959 ce, ta girmi 'yancin ƙasar. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Na biyu na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na toka, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da dokar ta zo fayyace bindigar soja, sai ta auna ta da faɗin harsashi: milimita 7.62, milimita 9, da inci .300 da .303. AK-47 na cin 7.62, saboda haka haramtacciya ce, da ɓarin wuta ko babu. A nan dokarmu ta fi ta Amurka hankali, tun da ba ta ɓata lokaci a kan marfin gefe ba.

Amma tsufa ya kama ta. Harsashi .303 na bindigar Ingila ta zamanin Turawa ne. Lokacin da aka rubuta jerin, harsashin milimita 5.56 da AR-15 ke ci bai shiga hannun runduna ba, balle 5.45 na AK-74 da ya zo a shekarun 1970. Tun da dokar ta ce bindigar farauta ita ce wadda faɗin harsashinta ba ya cikin wancan jeri, lauya mai wayo zai iya tsayawa gaban alƙali ya kira bindigar da aka shiga masallaci da ita bindigar farauta. A ɗaya gefen kuma, fam-akshin, wadda ake ja da hannu kafin kowane harbi, kuma ba ta kai rabin nisan AK ba, ta faɗa cikin haramtattu. Irinta 661 Kwastam suka kama a Legas a watan Janairu 2017, kuma a 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin waɗanda ya ce a miƙa wa hukuma. An kafa cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa a 2021, an ba ta doka a 2024, wannan ci gaba ne. Amma ma'aunin da ya kamata a rubuta ƙarara shi ne aikin bindiga: tana ɗura kanta? Ana ɓalle gidan harsashinta a sa wani? Guda nawa yake ɗauka? Harsashinta na keta ƙofa da bango ya sami na bayansu? Wadda ta haɗa waɗannan makamin yaƙi ce, ko wane suna aka buga a kwalinta.

Na san abin da mutumin Batsari ko Safana ko Faskari zai ce mini, kuma yana da haƙƙin faɗa. Zai ce: kai kana ƙasar Daura kana barci har da minshari, mu kuma a daji muke kwana. Ɓarayin da suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020 ba su nemi lasisin kowa ba. Da bindigar toka zan tare mai AK? Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce a watan Yuni 2022 jama'a su nemi lasisi, har Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ita ce ta sa Gwamna Samuel Ortom a Binuwai ya nemi a ba dakarun sa-kai na jiharsa AK-47. Mu ma ba mu tsira ɗungurungum ba. A watan Mayu 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano.

Duk da haka ban yarda a raba irin wannan bindiga gida-gida ba, kuma zaman bakin iyaka ne ya koya mini dalili. Duk ranar Lahadi kasuwar Mai'adua na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Damagaram da Matamai da gaba da su. Mutanen Maimujiya da ke tsallaken iyaka 'yan uwanmu ne, muna auratayya, muna zuwa jana'izar juna. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, amma ƙofar Kongolam kaɗai ke rufuwa, ƙananan hanyoyi cikin gonaki ba su da ƙyaure. Duk abin da ke da kuɗi yana tafiya. Rumbunan makaman Libiya da suka fashe a 2011 sun nuna mana nisan da bindiga ke iya zuwa. Ko a hannun hukuma ba ta zama wuri ɗaya ba: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai AK-47 fiye da 88,000 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba. Idan rumbu mai rajista da mai gadi ya yi yoyo haka, yaya ɗakin manomi zai kasance? Wanda ya saye ta yau don ɓarawo, gobe bashi zai kama shi ya sayar, ko a kashe shi a ƙwace, ko ya rasu ta faɗa hannun ɗansa mai shekara goma sha bakwai. AK na iya shekara arba'in tana aiki. Za ta riski rikicin gona, da rikicin gado, da ranar zaɓe. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai a Zamfara, lokacin da kisan ramuwa ya koma kan duk wanda ya yi kama da Bafulatani, da makaman da ba su kai wannan ƙarfi ba.

Talakan ƙauye na buƙatar kariya, kuma akwai hanyar da ta fi wannan. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa kusan 1,500 a zubin farko, daga garuruwan da abin ya shafa. Idan har za a ba wani wanda ba soja ba babbar bindiga, irin wannan tsari ya kamata a ba: mutum sananne ga mai unguwa da dagaci, mai horo, mai shugaban da za a tuhuma, bindiga mai lamba, harsashi a ƙirge, a karɓa da safe a mayar rumbu bayan aiki. Shi kuma manomi ko makiyayi ko maharbin da aka san halinsa, a sauƙaƙa masa lasisin mai baki biyu, a daina mayar da shi mai laifi saboda yana son tsare ƙofar gidansa. Dakatar da ba da lasisi baki ɗaya, kamar yadda rundunar 'yan sanda ta yi a watan Agusta 2023, mai bin doka kaɗai yake takurawa.

Ina kira ga sanatanmu na shiyyar Daura da wakilanmu a Majalisar Tarayya su ɗauki Dokar Bindigogi ta 1959 su gyara jerin nan nata. Su rubuta a fili cewa duk doguwar bindiga mai ɗura kanta, mai gidan harsashi da ake ɓallewa, makamin yaƙi ce, komai faɗin harsashinta, kuma ba za a ba mutum ɗaya lasisin ajiye ta a gida ba.