Shiri na Musamman: Taskokin Zamanin Jomon a Ƙananan Gidajen Tarihi na Japan

Shirin na yau zai leƙa ƙananan gidajen tarihi na lardunan Japan, inda aka adana kayan zamanin Jomon, wato dogon lokacin da ya fara kimanin shekaru 16,000 da suka wuce, sa'ad da mazauna tsibiran ke rayuwa da farauta da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itatuwa, kafin noman shinkafa ya iso gare su. Zamanin ya samo sunansa daga zanen igiya da maginan tukwane ke dannawa a jikin yumɓu tun yana ɗanye.

Mafi daraja a cikin abin da suka bari shi ne dogu, wato ƙaramin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, wanda galibi siffar mace yake ɗauka. Guda 5 daga cikinsu gwamnati ta ayyana a matsayin taskar ƙasa, matakin kariya mafi girma ga kayan tarihi, kuma dukkansu a lardunan da aka tono su suke zaune.

A garin Chino na lardin Nagano, gidan tarihi na Togariishi yana riƙe da biyu, ɗaya daga ciki siffar mace mai juna biyu ce, tsayinta santimita 27, wadda aka gano a 1986. A Hakodate da ke tsibirin Hokkaido kuwa, akwai wanda cikinsa fayau yake, wanda wata manomiya ta ci karo da shi a 1975 tana haƙar dankali. Gidan tarihi na Korekawa a Hachinohe yana nuna wani da ke zaune ya haɗa tafukan hannuwansa.

Fa'idar wannan tsari na barin kaya a lardunansu ita ce, mai ziyara yana ganin kayan tare da ƙasar da ta haife su, domin a Sannai Maruyama da ke Aomori, inda aka fara babban tono a 1992 yayin shirin gina filin wasa, yana iya fita daga zauren nuni ya taka filin ƙauyen da aka zauna cikinsa kusan shekaru 1,700. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya wurare 17 na arewacin Japan, har da wannan, cikin jerin kayan gadon duniya.

Saboda haka, duk wanda ke son sanin asalin mutanen Japan, ya kamata ya ware wa waɗannan garuruwa lokaci, kada ya tsaya a Tokyo.