Kiɗan da ake ƙirƙira nan take

A Amurka akwai ƙungiyoyin makaɗa irin su Phish, da Grateful Dead kafin ta watse a 1995, da ba sa maimaita kiɗan jiya. Mai jita ya ɗauko hanya, sauran su bi shi, waƙa ɗaya ta kai minti 20. Mujallu irin su Guitar World kan yi hira da irinsu, su buga darasi. Har ɗan ƙasarmu Mdou Moctar, bahagon da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya shiga shafukansu.

Mu darasinmu a filin biki yake. Je ka Gazawa ko Gidan Rumji ka tsaya kusa da mai kalangu. Idonsa na kan ƙafar mai rawa. Tana sauya taku, ya matse tsarkiya a hammata, muryar kalangu ta hau sama. Yaron da ke bayansa da kuntuku haka yake koyo, shekara da shekaru, da kunne kawai. Mamman Shata ma, da ya rasu a 1999, a gaban taro yake tsara baiti.

Abin da ke damuna, yanzu masu biki da yawa DJ suke ɗaukowa saboda araha.