Liyafar Rantsuwa: Zanen Rembrandt da Aka Sauke daga Bango

A shekarar 1648 ƙasar Holan ta kammala ƙwatar 'yancinta daga Sifaniya bayan yaƙin shekara 80. Da magabatan Amsterdam suka gina sabon zauren majalisar birni, sai suka so a ƙawata shi da hotunan da za su nuna cewa ƙin bauta gadonsu ne tun kaka da kakanni. Suka zaɓi boren Batawiyawa, waɗanda suke ɗauka kakanninsu, ƙabilar da ta yi wa daular Rum tawaye a shekarar 69 Miladiyya. Marubucin tarihin Rum, Tacitus, ya ruwaito cewa jagoranta mai ido ɗaya, Claudius Civilis, ya tara manyan ƙabilar a wani kurmi mai alfarma da sunan liyafa, da dare ya tsala kuma ya sa su rantsuwa. Mai zane Govert Flinck aka fara ba aikin hotunan, ya rasu a 1660, sai zanen wannan rantsuwar ya faɗo hannun mai zane Rembrandt.

Darajar zanen tana cikin yadda Rembrandt ya ƙi yi wa tarihi kwalliya. An saba zana Civilis ta gefe don a ɓoye idon da ya rasa, Rembrandt kuwa sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ramin idon a fili, ga doguwar hula a kansa. Mutanen da ke kewaye da teburin masu kaushin fuska ne, sun ɗora takubbansu a kan nasa, wani ya ɗaga ƙoƙon sha, wani tsoho yana dariya a gefe. Haske yana tasowa daga farin mayafin teburin, ya bugi haɓoɓinsu, ya bar sauran wurin cikin duhu. Duk wanda ya duba zai gane cewa makirci ake ƙullawa, kuma rayuka ne a kan siraɗi. Haka 'yanci yake farawa, cikin tsoro da kasada.

Akwai masu cewa aikin bai kammalu ba, fenti ne aka lafta da kauri ba a goge ba, don haka sauke shi da aka yi a 1662 daidai ne. Wannan hujja ta manta inda aka nufi rataye shi. Zanen ya kai kusan mita biyar da rabi tsawo da faɗi, an yi shi ne don a hange shi daga ƙasa a can saman baranda mai ƙarancin haske, inda lallausan aiki zai ɓace, kakkauran fenti kuwa ya fito sarai. Daga baya an datse shi, tsakiyarsa kaɗai ta rage, tana gidan adana zane-zane na ƙasar Suwidin a Stockholm. Hoton Jürgen Ovens da ya maye gurbinsa ya samu bangon, amma guntun Rembrandt ne masana ke ta nazari har yau, domin shi ya faɗi gaskiyar yadda ake biyan kuɗin 'yanci.