Rediyon motata na farko: darasin da na biya da sidi 300 da batir guda

Ranar da na karɓi makullin 'yar Toyota Vitz ɗin da nake haya da ita a Accra, rediyo na fara taɓawa. Na yi ta murɗawa ina neman Marhaba FM ta Nima, amma lambar ta ƙi wuce 90. Daga baya na gane dalili: motar daga Japan ta fito, tsofaffin rediyoyin can kuma daga 76 zuwa 90 suke kamawa, alhali tashoshinmu suna kaiwa har 108. Ga kuma sifikar ƙofar direba ta yage, ko labarai ake karantawa sai ka ji kamar ƙuda a cikin gwangwani.

Motar ba ta zama tawa ba tukuna. Tsarin nan ne na yi aiki ka biya, duk mako sai na kai wa mai ita kasonsa. Wata uku na yi ina taro da sisi kafin na haɗa sidi 2,000, na nufi Abossey Okai, kasuwar kayan mota.

A can wani matashi ya tare ni da akwatin wufa, da amfilifaya, da wani rediyo mai allo wanda ban taɓa jin sunan kamfaninsa ba. A jikin kwalin an rubuta wat 3,000 da manyan haruffa. Da ya kunna, har ƙirjina ya yi rawa. Na biya 1,700 ba dogon ciniki, wani yaro a bakin titi ya ɗaura mini su a kan sidi 100.

Ba na fita aiki ranar Juma'a, don haka motar ta kwana biyu a ajiye. Asubahin Asabar ina da alƙawarin kai wata Hajiya filin jirgi. Na murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu murus. Hajiya ta hau wata motar, kuma ba ta sake kirana ba.

Maƙwabcina ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota a Sabon Zango, wanda kowa ke kira Masta. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya girgiza kai. Ashe shuɗiyar wayar da ke tada amfilifaya, wadda daga rediyo ya kamata ta fito, yaron ya jona ta kai tsaye da wutar batir. Ko ka cire makulli amfilifayar tana nan a kunne, tana shan wuta a ɓoye. Babbar wayar da ya jawo daga batir kuma ko fis babu a kanta.

"Ɗana, gode wa Allah batir kawai ka rasa," in ji shi. "Da wayar nan ta goge ta taɓa ƙarfe, motar mutane za ka ƙona."

Sai ya tambaye ni abin da babu wanda ya tambaye ni a kasuwa: "Kai me kake saurara a mota?"

Na ce labarai, da tafsiri lokacin azumi, da ƙwallo, sai ɗan kiɗa idan fasinja ya nema.

"To me ya haɗa ka da wufa? Duk wannan muryar mutum ce. Wufa dukan ganga take ƙarawa, ba ta gyara magana."

A nan ya koya mini karanta kwali. Babbar lambar da ake bugawa ta talla ce. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba tare da murya ta dagule ba. Ko rediyon kirki da aka rubuta wa 50 sau huɗu, abin da yake ba kowace sifika bai cika wuce wat 20 da 'yan kai ba, kuma wannan ya ishi ƙaramar mota. Ya ce in nemi sifika mai om 4, domin da ita aka tsara yawancin rediyoyin mota, in kuma auna ramin ƙofa kafin in saya, kada a yanka mini ƙarfe.

Na mayar da kayan. Bayan doguwar muhawara aka karɓa, amma an zabtare mini sidi 300. Da abin da ya rage na sayi ƙaramin rediyon Pioneer mara allo, mai Bluetooth da wurin sa filash, da sifika biyu na ƙofofin gaba. Na baya na bar su yadda suke, tunda a gaba nake zaune. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, shi ya sa Masta ya raka ni da kansa, ya sa aka gwada komai a gabanmu, aka kuma rubuta rasit. Wajen ɗaurawa bai yanke wayar mota ko ɗaya ba, soket ya sayo wanda ya dace da nata. Batirin kuwa bai ƙara riƙe caji ba, sai bashi na ci na canza shi.

Yanzu idan wani sabon direba a unguwa ya zo neman shawara, abin da nake faɗa masa kaɗan ne. Ka fara ware kuɗin mai ɗaurawa na kirki, sannan sifikar gaba, sannan rediyo. Ka tafi da abin da ka saba saurara a wayarka, ka sa a gwada da shi, ba da kiɗan mai shago ba. Wufa kuma ta jira har ka gama biyan motar.

Saura wata bakwai in gama biyan tawa. Jiya a cunkoson Kaneshie wani fasinja dattijo ya ce in ɗan ƙara murya, yana son jin ƙarshen labarai. Na ƙara, ya ji kowace kalma.